Kafin ka sa katafila ta haƙa ramin ruwa a Legas

Ɗan ƙanwata ya gama karatun injiniya bara, ya samu aiki a wani sabon rukunin gidaje can bayan Ajah. Bayan sallar Juma'a ya biyo gaishe ni a Agege, ya buɗe kwamfuta yana nuna mini zanen ramin da zai riƙe ruwan saman wurin kafin a sake shi cikin babbar kwata. Rami ɗan tsukuku, zurfi mita 3, mashigar ruwa da mafitarsa dab da juna. Na ce, "Wa ya ce ka matse shi haka?" Ya ce, "Kawu, oga ne, so yake fuloti ɗaya ya ƙara fita a gefen." Gabana ya faɗi, don irin ramin nan na taɓa haƙa shi da hannuna.

A ranin 2011 ne, ina foman a wani aiki ta wajen Lekki. Lissafi dai na iya shi, kada wani ya ɗauka jahilci ne. Ruwan milimita 100 a kan hekta ɗaya lita miliyan ɗaya ne, wato tankar mai ta lita 33,000 kusan sau 30. Fili mai ciyawa da rairayi yakan shanye mafi yawansa, amma da zarar an rufe shi da kwano da kankare, kusan kashi tara cikin goma sai ya gangaro. Duk na saka wannan. A takarda ramina ya isa har da ragi. Mai aikin ya ce ƙasa ta yi tsada, sai na rage faɗi na ƙara zurfi, na ce ai duk ɗaya ne.

Ashe ba ɗaya ba ne. A watan Janairu muka haƙa, gindin ramin da ɗan danshi kawai. Damina na kankama ruwan ƙasa ya taso ya zauna a rabin ramin, ko a ranar da ɗigo bai sauko daga sama ba. Ga gini ana kan yi, tifa na juye yashi da jar ƙasa, kowane ruwa sai ya kwaso rabonsa ya zuba ciki. Mai nauyin ya kwanta ya cinye sauran wurin, mai laushin ya bi ta mafita ya toshe kwalbatin titi. Ranar Lahadi 10 ga Yuli aka wuni ana tsuga ruwa. Da na isa washegari, na tarar da maigadinmu, wani dattijo Buzu, yana matse katifarsa a kan tarin bulo, buhun shinkafarsa ya kumbura ya fashe, tabo ya yi wa bangon ɗakinsa layi daidai ƙugu. Bai ce mini komai ba sai sannu da zuwa.

To amma a yi adalci. Ruwan ranar nan rabin Legas ya nutsar, har unguwannin masu kuɗi da manyan injiniyoyi suka zana wa magudanai. Idan lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, ta cika ta tokare bakin kwata, ko ramin wa ne sai ya yi ambaliya. Kuma ni ɗan albashi ne, ina da bakin musa wa mai kuɗi? Haka nake gaya wa kaina. Sai dai na san tun watan Mayu nake ganin tabo na hawa, na riƙa cewa gobe a kwashe.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, ku matasan injiniyoyi, ga abin da ya rage. Ku ba rami faɗi da tsawo, tsawon ya ninka faɗin aƙalla sau biyu, mashiga a wannan kai, mafita a wancan. Wanda bai yarda ba ya ɗebi ruwan kwata a gorar roba, ya girgiza ya ajiye: yashi zai kwanta kafin minti ɗaya, tabo sai an yi awoyi, laka kuwa har gobe ruwan na nan ja. Ruwan da ya shiga ya fice nan take bai ajiye komai ba. A bakin mashiga a yi ƙaramin rami na tare yashi, da raga saboda ledar fiya wata, da hanyar da tifa za ta iso. Tabo ya kai rabi, a kwashe.

Zurfin da ke ƙarƙashin ruwan ƙasa kada ku ƙirga shi. Ku haƙa ramin gwaji a watan Yuni ku leƙa da idonku. Amma ina, yaran yanzu ba mai son takalminsa ya taɓa caɓi, an fi son a zauna a mota ana latsa waya. Ku ajiye kwamfutar nan ku tambayi maigadi da masu shago inda ruwa ya tsaya bara. Kuma kada ku kuskura ku yi aiki da ƙiyasin ido irin namu na da, ku zauna ku yi lissafi. Na san maganganun biyu sun yi karo, ku je ku sasanta su.

Ruwan kuma ya tsiyaye cikin kwana biyu, in ba haka ba kun buɗe wa sauro gida. Oga ya nace sai an matse, ku ce ya rubuta ya sa hannu. Ya ƙi, ku bar aikin. Ko da yake a Legas ta yau, mai kuɗin haya a wuya ba ni da bakin ce masa ya ajiye aiki.