Ranar da injin CNC ɗinmu ya ƙi sakin tul, da abin da na gano a cikin tiyon iska

Wannan rubutun na daɗe ina son yinsa saboda 'yan'uwa kafintoci da suka fara sayen injin CNC, wato injin yankan katako da kwamfuta ke tuƙawa, mai canza tul (bakin yankan) da kansa, musamman mu da muke nan Legas, don yanayin garin nan yana da nasa hali da inji. Shagonmu yana Agege, muna yin kabad ɗin kicin da wadirof da ƙofofi masu zane, yawanci da MDF da filawud da muke ɗaukowa a kasuwar Amu ta Mushin. Injin namu irin mai layin tul takwas ne a bayan tebur, sifandil ɗinsa, wato motar da ke juya tul, ƙirar kamfanin HSD na Italiya mai kilowat 9 da ke juyawa har 24,000 a minti, holdojinsa, wato ƙarafan da ake ɗaure tul a jikinsu, samfurin ISO30, kwamfutar da ke tuƙa shi kuma Syntec ce.

Cikin damina ne abin ya faru, muna da aikin kicin na wani gida a Lekki da za mu kai da asuba don mu tsallake gosulon gadar Third Mainland, saura allo shida kawai a yanka. Inji ya gama da tul na ɗaya, ya tafi baya zai ajiye, ya shigar da holda cikin 'yan yatsun robar nan da ke riƙe ta, sai muka ji fss ɗin iska amma babu wannan ƙaran "ƙwas" da aka saba ji, ya tsaya cak, alam ya fito a sikirin. Na danna risat na sake, ya canza lafiya. Bayan minti ashirin ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Wallahi irin wannan matsalar mai zuwa ta tafi ta fi cin rai, gara abu ya lalace gaba ɗaya ka san inda ka dosa.

Maigidana yace kwamfutar ce ta samu matsala saboda yawan ɗauke wuta, ya kira wani mai gyara a waya, shi kuma tun bai ga injin ba yace sai an canza wani kati a cikin akwatin wuta, kuma sai an yi odarsa daga Chana. Ni dai hankalina bai kwanta ba, nace Oga ka ba ni awa ɗaya in kalli abin da idona kafin mu kashe kuɗi.

Abin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne canza tul ba abu ɗaya ba ne, jerin matakai ne, kuma inji ba ya wuce mataki sai an gaya masa na baya ya kammala. Idan ya karanta T3 M6 a cikin furogiram, wato umarnin ya ɗauko tul na uku, farko sifandil zai tsaya, murfin tsotsar ƙura ya ɗaga, kan injin ya hau sama, ya tafi wajen layi ya zura holda a mazauninta, sannan bawul ya buɗe iska ta tura fistin, fistin ya danna sandar da ke cikin sifandil, faratan da suka damƙe kan holda su buɗe, iska ta hura cikin ramin ta kore ƙura, kai ya ɗaga, ya matsa kan sabon tul ya sauka, a sauke iskar, ya damƙe, ya fita. To ga inda mutane da yawa suke kuskure, ba iska ce ke riƙe tul ba, sifirin ne masu ƙarfin gaske a ciki suke riƙe shi, aikin iska kawai ta fi ƙarfin sifirin ɗin na ɗan lokaci don ya saki. Shi ya sa ko kwamfresa ta mutu ana tsakar yanka tul ba zai faɗo ba, amma idan iska ta yi rauni ba zai fita ba.

Da na tuna wannan sai na tsaya a gaban gejin iska nace wa yaronmu ya sa inji ya canza tul. Gejin yana kan 0.65, wato baa 6 da rabi kenan na ƙarfin iska don irin waɗannan gejin da MPa suke ƙirga, MPa ɗaya kuma baa goma ne, kuma sifandil ɗin baa 6 zuwa 7 yake so. Lafiya lau idan inji yana tsaye. Amma daidai lokacin da bawul ya buɗe sai na ga allurar ta faɗi ƙasa da 0.5 ta tsaya tana rawa. Ashe masu fenti a bayan shago sun ja tiyo daga kwamfresa ɗaya da mu suna feshin ƙofofi, duk sanda suka danna bindigar fenti daidai da lokacin canji sai inji ya rasa ƙarfi, idan sun huta kuma ya canza lafiya. Kaga dalilin zuwa da tafiyar kenan. Don haka kar ka kalli geji inji yana hutawa kace iska ta isa, ka kalle shi a daƙiƙar da yake saki.

Na roƙi masu fenti su dakata, ya gyaru, amma ƙaran sakin bai fita tas ba, kamar yana jan ƙafa. Na sauke iskar layin na kwance ɗan kofin tace ruwa da ke jikin regileta mai daidaita ƙarfin iska, malam, cike yake da ruwa mai launin shayi. Na buɗe famfon da ke ƙasan tankin kwamfresa ruwa ya dinga zuba har sai da yaron yace "Yaya, wannan tankin ruwa ne ko na iska?" Gaskiya kunya ta kama ni don aikina ne duba shi kuma na fi wata ban taɓa ba. Mu da muka taso a Arewa mun saba da busasshiyar iska, a Kano kana iya share kwanaki tanki bai tara abin kirki ba lokacin hunturu, amma Legas bakin teku ce, iskar kanta jiƙe take, kwamfresa na matsa ta ruwan zai fito ya kwanta, ya bi tiyo ya shiga bawul ya haɗu da dusar katako ya zama kamar kunu, bawul ya dinga makara wajen buɗewa. Mafi muni ma shi ne iskar da ke hura cikin ramin sifandil, ruwan take fesawa kai tsaye kan ƙarfe. Da na cire holda na haska da fitilar waya sai ga ɗigon tsatsa a jikin kwanon, wato inda holda ke haɗuwa da ramin sifandil, irin wannan ne ke sa holda ta manne ko da faratan sun buɗe, ta fito da ƙara kamar an harba wani abu, wata rana kuma ta karya yatsun robar.

Na wanke bawul ɗin, na goge ramin da holdoji duka takwas da tsumma mai tsabta da sifirit, aikin daren ya kammala, muka kai kaya.

Bayan sati biyu wata matsalar ta sake ɓullowa, wannan karon ya ɗauki tul ya damƙe sosai, ka ja da hannu ba ya motsi, amma sifandil ya ƙi juyawa. Nan maganar sensa ce. A cikin irin wannan sifandil akwai sensa uku, S1 tana cewa tul ya kulle, S2 tana cewa faratan sun buɗe, S3 tana cewa sifandil ya daina juyawa. A sikirin akwai shafin da ke nuna siginar da ke shigowa, sai ka tsayar da inji ka tallafi holda da hannu ɗaya ka danna madannin saki da ke jikin kai, ka ga wace ce ke canzawa wace ce ba ta motsi. Tamu S1 ce take ƙyaftawa, kuma ba ita ce ta mutu ba, filogin wayarta ne girgiza ta sassauta. Wani lokacin ma ba waya ba ce, ɗan ƙusar nan da ke ɗaure a saman holda wanda faratan ke kamawa ne ya warware ko aka sa wanda ba irinsa ba, tsawonsa ya bambanta, sai sensa ta ƙi yarda. Idan tul ɗaya ne kullum yake kawo alam sauran lafiya, ka bar sifandil ka duba wannan holdar.

Anan ne nake son in roƙi 'yan'uwa don Allah. Na ga wani shago an haɗe wayar S1 kai tsaye don alam ya daina damunsu. Wannan ganganci ne da rai, ƙarfe mai kaifi da ke juyawa dubu goma sha takwas a minti idan bai kulle ba ya ƙwace, yaron da ke tsaye a gefen tebur ɗan wani ne. Haka wanda ya kashe S2, inji zai ɗaga kai alhali holda ba ta saku ba ya tumɓuke layin tul ɗin gaba ɗaya.

Sai batun wuta, wanda dama maigidana ya zarga tun farko, kuma yana da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Idan NEPA ta ɗauke ana tsakiyar canji kafin a tada janareta, inji yana iya tashi yana zaton tul na biyu ne a bakinsa alhali na biyar ne, ka danna ci gaba ya je ya cusa shi a mazaunin da akwai wani a ciki. Mun taɓa asarar yatsun roba biyu a haka. Yanzu dokar shago ita ce bayan kowace ɗaukewa sai an mayar da inji gida, wato wurin da yake fara ƙirga awonsa, a dukkan layukansa, a cire tul da hannu, a gyara lambar a sikirin, a sake auna tsawonsa a kan faifan awo. Idan kuma an taɓa yin karo, mazaunin tul yakan goce ko da rabin milimita ne, za ka ji holda tana gogar roba wajen shiga, sai a sauko da kai a hankali da abin juyawa na hannu a sake ɗaukar lambobin da ke nuna wa inji inda kowane mazauni yake, a rubuta tsofaffin a takarda kafin a taɓa komai.

Daga baya maigida ya sayi injin busar da iska da ƙaramar kwamfresa daban ta masu fenti, kuɗin bai kai na katin da aka so mu yi oda ba. Da yamma kafin mu rufe yaron yana zubar da ruwan tanki, ni kuma in cire holdar da ta yi zafi in sa wata mai sanyi da aka goge a bakin sifandil ta kwana a ciki. Jiya ma da aka yi ruwan sama tun safe, kusan rabin gorar ruwa ya tara daga ƙasan tankin.