Na bar aiki, ga abin da na koya daga 'yan gudu

Na ajiye aikin kula da lafiyar 'yan gudu, kuma duk wanda muka yi aiki tare ya san dalili: sikelin babban koci. Duk Litinin sai ya jera 'yan matan, kowacce ta hau, ya karanto nauyinta da ƙarfi. Wadda ta ragu a tafa mata. Wadda ta ƙaru ko da rabin kilo ne sai ya ce, "Ke, gudu kika zo yi ko kiwo?"

Akwai yarinyar da ya fi ji da ita. Ta rame, gudunta ya ƙaru na ɗan lokaci, ya dinga kafa misali da ita. Ni kuwa da nake taɓa jikinta kullum, wani abu daban nake gani: hannuwa sanyi ƙalau, gashi na zuba, a wurin cin abinci ta yi ta juya cokali har a tashi. Da na matsa mata ta ce, "Anti, na kusa shekara ban ga al'adata ba." Na kai masa magana, ya ce haka jikin 'yar gudu yake, in tsaya a kan tausa da bandejina.

Ba haka ba ne. Idan abin da ake ci bai kai abin da atisaye ke ƙonawa ba, sinadarin estrogen yakan ragu, haila ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Tun 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya sa wa wannan yanayi suna RED-S, ya ce har maza yana kamawa. Mary Cain, 'yar gudu ta Amurka, ta faɗa a 2019 cewa shekara uku ba ta ga haila ba, ƙasusuwanta biyar suka karye. Duk na gaya masa, ya yi kunnen uwar shegu.

Ana dab da gasa ƙashin ƙwaurin yarinyar ya tsage. A taro ya ce sakacina ne.

Sauran darussan gajeru ne. A tambayi 'yar wasa batun haila kamar yadda ake tambayar ciwon gwiwa. A sa ido kan 'yan dambe da kokawa masu ƙin shan ruwa kafin awon nauyi. Duk gargaɗin da aka yi wa na sama, a rubuta shi da kwanan wata.

Wadda za ta gaje ni ta duba durowa ta biyu. Fayil ɗin yarinyar na ciki, har da takardar da kocin ya ƙi sa wa hannu.