Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Ladan Kuturu

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri makon jiya shiru, ciwon gwiwar nan ne ya sake tasowa ga wuta da aka ɗauke mana kwana huɗu sai da jikana ya kai wayar kasuwa aka yi caji. Niyyata yau in ɗora daga rasuwar Baba inda muka tsaya, to amma tun shekaranjiya maganar Baffa take ta yi min yawo a ka, na kwanta da ita na tashi da ita, don haka bari in sauke ta tukunna.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka Baffa ya ce, a zaurenmu, gaban mutane, ranar da Baba ya ce zai sa ni makarantar Fada, wato limamin cocin Katolika, a 1970.

Waɗanda suka san ƙasarmu ta kudancin Kano sun san yadda zaman yake, mu Musulmi muna cikin gari, Maguzawa kuma suna gidajensu na gona a warwatse, kowane gida da rumbunansa kamar ƙauye guda. Makarantar a gefensu aka gina ta don su ne suka ba da fili, aji biyu ne na ƙasa da rufin kwano, sauran azuzuwan a gindin bishiya, ƙararrawarmu kuwa tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen tsamiya. Fada ba a nan yake kwana ba, kan babur yake zuwa bayan mako biyu, Bature ne ɗan ƙasar Ailan cikin 'yan ƙungiyar mishan ta Afirka da ake kira SMA, ja wur da shi rana ta gasa masa wuya, yana Hausa kamar yana tauna tsakuwa amma ba ya kuskuren gaisuwa, sai ya tambayi gida da gona da shanu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Masu zaman dindindin su ne hedimasta, mutumin kudancin Zariya, da katikis mai koyar da addininsu.

Shi Baba ba don son boko ya kai ni ba, haushi ne. An cuce shi a kan sikelin gyaɗa shekara biyu a jere, akawu ya rubuta abin da ya ga dama ya ce dangwala nan, ya dangwala. Ya dawo gida ya ce wallahi sai an samu mai karanta lamba a gidan nan ko da a wajen wa za a koyo. Makarantar En'e tana da nisa, tafiyar rabin yini, ta Fada kuwa ana jin ƙararrawarta daga gonarmu. Baffa ya ce masa kai dai ba ka da hankali, mutumin da ya baro ƙasarsu ya ƙetaro teku ya zo yana koyar da 'ya'yan mutane ba a biyansa, ka taɓa ganin banza ta kai zomo kasuwa? Baba ya sunkuyar da kai ya ce Yaya allonsa yana nan, asuba da dare zai yi karatunsa wajen Malam, hantsi ne kawai na ba su. Nan ne fa Baffa ya saki maganar, har da nuna ni da carbi.

Kwana na yi ina tunanin wane irin aski za a yi min. Yara suna ta ba ni tsoro wai za a ɗura min burkutu a sa min suna Bulus.

Kada in yi muku ƙarya don ba na son a ce na tsufa ina gyara zance, suna son mutane su shiga addininsu mana, abin da ya baro da su gida ke nan, kuma Maguzawa da yawa ta ƙofar makarantar nan suka shiga coci, 'yan ajinmu kusan duk an yi musu baftisma kafin mu gama aji bakwai. Akwai gicciye a bangon kowane aji, da addu'arsu ake buɗe asambili da ita ake tashi. Mu Musulmi mu huɗu ne kacal lokacin. In za a yi katikizim, wato darasin addininsu, sai hedimasta ya ce ku 'yan gari ku fita gindin tsamiya ku yi haddarku, kuma a shekara bakwai ban taɓa jin wanda ya ce min zo ka bar Sallah ba, ni dai abin da na gani ke nan, wani ya faɗi nasa. Har akwai ranar da muka tsaya aikin gonar makaranta rana ta karkata, Fada ya dubi agogonsa ya dube ni ya ce kai ɗan Malam ka yi azahar? Na ce a'a Fada. Ya ce to me kake jira, babanka zai ce ni na hana ka.

Amma askin fa na yi shi, ku tsaya ku ji.

Akwai wani yaro a ajinmu, ba zan faɗi sunansa ba don yana raye kuma 'ya'yansa manyan mutane ne yanzu. Ubansa kuturu ne, bukkarsu can bayan gari ba sa cikinmu ba sa cikin Maguzawa, duk ranar kasuwa uban yana zaune bakin hanya da ƙoƙonsa. Kowa Ɗan Kuturu yake kiransa, benci guda shi kaɗai, in ya sha ruwa da moɗa sai an ɗauraye ta sau uku ko a ƙi sha gaba ɗaya. Duk Litinin ana duba mu a asambili, farce, haƙora, wuyan riga, kai, wanda aka ga ƙwarƙwata ko makero a kansa manyan yara su aske shi da ɓarin reza a shafa masa shuɗin magani. To ranar muna aji huɗu, shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira da kwabo wato 1973, aka ga makero a kan yaron nan faci-faci, monita ya ce shi kam ba zai taɓa ba, na kusa da shi ma ya ja da baya, ni kuma da bakina da ba ya shiru na ce wa zai aske kuturu, aka kwashe da dariya. Ashe Fada yana bayana ya iso ban ji babur ɗinsa ba.

Bai dake ni ba, da ma ya dake ni da ya fi sauƙi. Cewa ya yi a kawo ruwa a kwano da sabulu, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya zaunar da yaron a kan turmi ya wanke masa kai da hannunsa tas muna kallo, sannan ya miƙo min rezar ya ce rabi nawa rabi naka. Hannuna yana rawa na kama kan, har yau ina jin yadda yake, ɗumi kamar na kowa, ga wata jijiya tana bugawa a gefen kunnensa, yaron bai ɗago ba hawaye kawai yake ɗiga a gwiwarsa, na yanke shi wuri biyu bai ce uffan ba. Da muka gama Fada ya ce daga yau bencinku ɗaya, kuma duk wanda na sake jin ya kira shi da wancan sunan ya ɗauki allonsa ya tafi gida, Allah ne ya yi shi kamar yadda ya yi ku. Sai ya juya ga sauran ya yi musu bayani cewa ciwon ba gado ba ne ba kuma tsinuwa ba, akwai ƙwayar da Sista take rabawa ranar kasuwa, an gwada yaron ba shi da komai.

Da na koma gida na faɗa, Inna ta tuɓe ni ta wanke ni da toka da sabulun salo kamar an tsamo ni daga masai. Baffa kuwa dariya ya yi har da buga ƙafa, ya ce me na gaya muku, ai ga shi nan ya yi askin tun ba a je ko'ina ba, saura na biyu.

Shekaru da yawa bayan nan, ina jin bayan an yi jihar Jigawa a 1991 ne don a Dutse muka haɗu wajen wani kwas na malamai, na sake zama da abokin bencina, ya zama malami shi ma kuma babba a cocinsu, yana ta ba ni labarin yadda suka cika mota suka je Kaduna ganin Paparoma John Paul na biyu a 1982. Na tambaye shi, na ce don Allah gaya min tsakani da Allah me mutanen nan suke nema da mu. Ya ce ai ba ɓoyayyen abu ba ne a rubuce yake, babban taron bishop-bishop na Vatikan ya fitar da takarda a kan ilimi a 1965 zamanin Paparoma Paul na shida, a ciki an ce iyaye su ne malaman farko makaranta taimaka musu take yi, an ce kowane ɗan Adam yana da haƙƙin ilimi, kuma ilimin ya gina mutum ɗungurungum, kansa da halinsa da imaninsa, don ya amfani jama'ar da yake ciki, an kuma ce a fi kula da talaka da wanda ba shi da gata har da wanda ba ya cikin addinin. Na ce to shi ya sa Fada ya tura ni azahar ke nan. Ya ce shi ya sa kuma ya ba ka reza. Muka yi ta dariya har ya nuna min tabon a ƙeyarsa, yana nan.

Ni a ganina, kuma na yi shekara 35 ina riƙe alli, ba turancinsu ne abin ba, turanci ko a tasha ana koya. Abin shi ne ba sa raba karatu da hali. Ka ci lissafi ɗari bisa ɗari ka yi ƙarya a kan fensir ɗin wani, a wajen hedimasta ka faɗi. Suna da nasu laifin, bulalar hedimastan nan ta wuce misali, kuma sun fi jan nasu a jiki wajen tura yara gaba, wannan ma na gani da idona.

Abin da yake ci min rai dai Auta ce. Kun san ta fi ni kai nesa ba kusa ba, a ƙasa take zana duk abin da na koyo da tsinke, kafin in haddace jadawalin bakwai ta haddace na tara alhali ba ta taɓa taka aji ba. Bayan farin 1973 da rasuwar Baba a shekarar da ta biyo, riƙonmu ya koma hannun Baffa. Wata Sista daga cikin 'yan St. Louis, waɗanda suka zo Kano tun 1948 suke da makarantar 'yan mata a Bompai, ta ji labarinta wajen hedimasta, ta tako har zaurenmu ta ce a ba ta yarinyar ta fara nan ƙauye, in ta yi ƙoƙari su san yadda za su yi da ita zuwa birni, ko malama ko ungozoma. Ko tabarma Baffa bai sa an shimfiɗa mata ba, tana tsaye a rana da farin mayafinta ya ce a gaya mata an ci ladan kuturu sau ɗaya a gidan nan ba za a ci na biyu ba. Ina laɓe a bayan zana ina ji, shekarata goma sha biyu, ban iya cewa komai ba, kuma wannan shirun har gobe ina jin kunyarsa. Tana sha uku aka kai ta ɗaki. Yau Auta in za ta duba lambar ɗanta a waya sai ta nemi yaro, matar da ta koya min jadawalin tara.

Da UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976 makarantar ta koma hannun gwamnati, aka sauke gicciyen aka canza suna, yara suka cika har taga, ni kuma guguwar neman malamai ta kwashe ni zuwa kwalejin horon malamai. Na ji dai daga baya cocin ya sake buɗe nasa makarantun, Kano ma ta zama dayosis, wato yankin bishop, mai zaman kanta a 1999 da Bishop Patrick Sheehan, har Jigawa a ƙarƙashinta. Tsamiyar tana nan, wilin ne wani ya sace.

Baffa kuwa, Allah ya jiƙansa, na yafe masa gonar fadama da ya cinye, ta Auta ce na kasa. Da yanar ido ta rufe masa gani wa ya kama hannunsa zuwa Kano? Ni, ɗan makarantar Fada. Ina aka kai shi? Asibitin ido na mishan, na ECWA ne ba na Katolika ba amma a wajensa duk kanwar ja ce. Da aka kwance masa bandeji ya ga yatsunsa ya hau salati yana sa wa likita albarka, maganar nan ta zo min har fatar baki, Baffa yau wa za ka yi wa aski? Na haɗiye ta, na durƙusa na sa masa takalmansa na ce Baffa tashi mu je kada motar garinmu ta cika.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan rabon gadon Baba da yadda aka yi da shanun nan biyu.