Yau da Yaya da ɗan abin yatsa

Tun asuba Yaya ta tashi da haki, ƙafafu sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Tunda ta haihu ciwon zuciyar nan ya kama ta, likita a Kano ya ce zuciyar ce ta buɗe ta yi rauni, ya hana kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa, Inna kuwa har yau cewa take su da haka aka yi musu kuma ga su nan garau.

Na maƙala mata ɗan abin nan na yatsa mai auna oksijin a jini, ya nuna 96, wai lafiya lau kenan, alhali ni ina kallonta tana jan numfashi da ƙyar. Hankalina bai kwanta ba wallahi, na hau mashin na tafi ɗakin shan magani na hanyar Ringim. Malamin asibitin ya ce mini, ƙanwata kar ki dogara da lambar nan ita kaɗai, haske yake harbawa ta cikin yatsa, in hannu ya yi sanyi irin na hunturun nan ko da baƙin lalle sai ya rikice, kuma a 2020 wani bincike a jami'ar Michigan ta Amurka ya gano yana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku kan na farar fata. Abin ya tsaya mini a rai, ashe na'urar ma ba da fatarmu aka gwada ta sosai ba.

Shi ne yake ba ni labarin waɗanda ake dasawa a cikin jiki. Akwai CardioMEMS da Amurka ta amince da shi a 2014, ɗan mitsitsi ne ba shi da batir, ta jijiyar cinya ake zura shi har jijiyar da ke kai jini huhu, mara lafiya ya kwanta kan wani matashin kai na musamman kullum, awon ya tafi wajen likita ta intanet. Shi matsin jini yake aunawa, yana ganin ruwa na taruwa tun ƙafa ba ta kumbura ba, sai likita ya buga waya ya canza magani. Na auna oksijin da ake dasawa a jiki kuwa a 2021 masana a jami'ar California da ke Berkeley a Amurka suka gwada a jikin tumaki.

Ni dai abin da nake ta tunani, mu da muke nesa da likitan zuciya ai mu muka fi kowa buƙatar irin wannan, amma a nan sai na hau tudun bayan makaranta nake samun sabis, cajin waya ma sai a shago.

Malamin asibitin ya ce in daure in riƙa ɗora Yaya kan sikeli kowace safiya, in rage mata gishiri, in nauyi ya hau da sauri kar mu jira. Mijinta ya sayar da buhun riɗi da yamma, gobe in Allah ya kai mu motar farko za mu bi zuwa Kano. Allah ya ba ta lafiya.