Yadda muka lissafa ragowar ɓoyayyen sinadari

Ni da ɗalibai biyu muka zauna a Agege da kwamfutar cinya ɗaya, muna son fito da yawan ɓoyayyen sinadarin nan da ba ya ba da haske amma nauyinsa ke riƙe gungun taurari, wato dark matter. Amsar da muke nema sananniya ce: 0.12 a ma'aunin yawansa a sararin samaniya (Ωh²), kamar yadda sakamakon tauraron ɗan'adam na Planck ya nuna a 2018.

Na ce musu su tuna kasuwar Mile 12 in ta soma watsewa. Da fari, a farkon samuwar sararin samaniya, ƙwayoyin sinadarin na cin karo suna halaka juna, zafi na haifar sababbi. Sarari na ta faɗaɗa har ƙwaya ta daina gamuwa da 'yar'uwarta, abin da ya saura a lokacin shi ne har yau; wannan ake kira daskarewa. Hakan na faruwa idan zafi ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin 20 zuwa 25 na nauyin ƙwayar.

Mun ɗauki nauyi GeV 100 (GeV ma'aunin makamashi ne da ake auna nauyin ƙwaya da zafi duka da shi) da ƙarfin karo 2.2×10⁻²⁶ cm³ a daƙiƙa, muka rubuta lissafin Boltzmann, mai bin yadda adadin ƙwayoyin ke sauyawa, a harshen kwamfuta na Python. RK45, tsarin warware lissafi na manhajar SciPy, ya yi ta jan ƙafa, domin a farko adadin na manne da daidaito tsakanin halakar ƙwayoyi da haihuwarsu, taku ya zama ƙanƙane ƙwarai. Muka koma wani tsarin, Radau, muka lissafa logaridim ɗin adadin maimakon adadin kansa, nan take ya wuce.

Kuskuren da ya fi cin mini rai shi ne barin adadin nau'o'in ƙwayoyi masu gudu kusa da saurin haske a 106.75. A zafin daskarewa, wajen GeV 4, ya kusa 86 ne, sai amsarmu ta yi ƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ga ƙwaya mai GeV 3 abin ya fi muni, don daskarewarta na faɗowa wajen MeV 150 (MeV dubu ne GeV ɗaya), inda ƙananan ƙwayoyin da ake kira kwak ke ƙulluwa, adadin ya rikito daga 62 zuwa 17.

Lissafinmu ya ɗauka cewa haske ne ke tafiyar da faɗaɗar sarari a lokacin daskarewa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta tambaya: "Malam, wa ya ce haske ne ke mulkin sarari a lokacin?" Gaskiya zato ne. Shaidarmu mafi tsufa ita ce yawan hiliyam da ya ƙullu, wanda yanayin zafin kusan MeV 1 ya ƙayyade. Muka ƙara wani makamashi mai sa faɗaɗa ta fi sauri kafin nan: daskarewa ta zo da wuri, ragowar ta haura 0.12, alhali ba mu taɓa komai na ƙwayar ba.