Louise Dahl-Wolfe, Matar Da Ta Fitar Da Hoton Sutura Fili: Kashi Na Uku

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya mun tsaya a 1933, shekarar da mujallar Vanity Fair ta buga hoton wata dattijuwar ƙauye da Louise, Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, ta ɗauka a tsaunukan Tennessee. Bayan nan ta buɗe sutudiyo a New York, tana yi wa manyan kantunan tufafi hotunan talla. A 1936 mujallar Harper's Bazaar ta ɗauke ta aiki, lokacin tana da shekara 40, kuma ta zauna nan har 1958. Cikin shekara 22 ɗin nan ta yi hoton bangon mujallar sau 86.

Mutum uku ta yi aiki da su a gidan: Carmel Snow babbar edita, Alexey Brodovitch mai tsara shafi, sai Diana Vreeland mai zaɓen sutura. A wancan zamani yawancin hoton kaya a ɗaki ake yinsa, ƙarƙashin manyan fitilu, mai tallar kayan ta sandare wuri guda. Louise ta kwashe su ta fita da su bakin teku, cikin hamada, gindin tsohon gini, har Arewacin Afirka da Kyuba da Sifaniya.

Fita waje abu ne mai sauƙin faɗa. Sai mutum ya san fim ɗin da ta yi aiki da shi kafin ya gane wuyar abin. Kodachrome, fim mai launi da ya fito a 1935, ƙarfinsa na kama haske, wanda ake aunawa da ISO, bai wuce kusan 10 ba, alhali yawancin kyamarorin yau daga 100 suke farawa. Ko a rana mai ƙarfi, idan aka sa ƙofar hasken kyamara a f/8 (ƙaramar lamba na nufin ƙofa mai faɗi), saurin ɗauka bai wuce kusan 1/40 na daƙiƙa ba. Iska ta ɗan kaɗa gyale, hoto ya lalace. Kuma fim ne da ba ya yafe kuskure: haske ya ɗan yi yawa, farin yadi ya ƙone, babu gyara a ɗakin wankin hoto. Dole komai ya daidaita kafin a danna.

Abin da ya taimake ta shi ne karatun zane da launi da ta fara a San Francisco tun 1914. Tana duba launin riga, ta nemi bangon da zai ɗaga shi. In an kai madaba'a, ta zauna kan gwajin bugu tana sa a gyara launi har ya dace da yadin. A ganina wannan nacin ne ya bambanta ta, ba tafiye-tafiyen ba.

Mai ɗaukar hoton ɗinki a Bauchi, wanda telolin Wunti ke kawo wa kaya gabanin Sallah, matsalarsa ɗaya ce da tata. Rana tsaka ba lokacin aiki ba ne: ɗaurin ɗankwali zai jefa inuwa kan ido, fuska ta dushe, shadda ta yi ta walƙiya har aikin wuya ya ɓace. A yi aiki daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, ko bayan sallar la'asar. In ya zama dole da rana, a shiga inuwar gini, a tsayar da mai sanye da kayan daf da bakin inuwar tana fuskantar fili. Sannan yaro ya riƙe farin kwali mai faɗi, kamar taku biyu daga gare ta, daidai ƙirji, ya mayar da haske fuska. Kada a yi ƙasa da shi sosai, don hasken da ke tasowa daga ƙasa yana munana fuska.

Farar shadda a jikin mai duhun fata ita ce babbar jarrabawa. Kyamara ta ga fari da yawa sai ta rage haske, fuska ta nutse. Ka ƙara don fuska, zaren aikin ya ƙone. Mafita ita ce a auna hasken kan yadin har sai saƙarsa ta fito, fuska kuma a cike ta da kwalin nan. Haka kuma a lura da abin da ke kewaye. Jar ƙasa tana shafa wa farin yadi ja, inuwar dalbejiya tana shafa wa fata kore. A daina barin kyamara tana zaɓen launin haske da kanta, in ba haka ba riga ɗaya za ta fito kala uku a hoto goma, tela ya sha faɗa da mai saye. Masu son buɗe ƙofar haske zuwa f/1.8 don baya ya dushe su ma su yi hattara, ido zai fito tas amma aikin hannun riga ya narke. Tela kuwa ɗinkinsa ya biya a nuna. F/5.6 ya fi aminci. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana kashe launi, don haka a matso kusa, a kuma riƙa goge gilashi.

Mu koma kan Louise. A watan Maris na 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, bangon mujallar ya fito da hoton wata yarinya 'yar shekara 18 tsaye a ƙofar ofishin karɓar gudunmawar jini na Red Cross. Sunanta Lauren Bacall. Matar darakta Howard Hawks ta ga hoton ta nuna wa mijinta, aka kira yarinyar Hollywood, a 1944 ta fito a fim ɗinta na farko.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ji yadda aka sauya shugabanni a mujallar har Louise ta ajiye aiki.