Adashi: Kwasar Farko Ko Ta Ƙarshe?

Mutum goma, kowa na zuba naira 20,000 duk ƙarshen wata, mutum ɗaya ya kwashi 200,000. Cikin wata goma an zagayo kan kowa. A takarda babu wanda ya ci wani, kowa abin da ya zuba shi ya ɗauka. A kasuwa kuwa lissafin ya bambanta, kuma yawancin masu shiga adashi ba sa yin sa kafin su karɓi lamba.

Mai kwasar farko 20,000 kaɗai ya fitar daga aljihunsa ranar da aka damƙa masa 200,000. Sauran 180,000 rance ne abokan zubinsa suka ba shi babu ruwa, zai biya da kaɗan-kaɗan cikin wata tara. Mai kwasar ƙarshe shi ne ya yi ta ba da rance tun daga farko har zuwa ranar da nasa zai dawo. Lokacin da farashi ke zaune, wannan ba wani abin damuwa ba ne. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara, wato kusan kashi biyu da rabi kowane wata. A irin wannan gudu, keken ɗinki ko firjin da ake sayarwa 200,000 a watan farko ya doshi 250,000 a wata na goma. Na farko ya saya har ya fara cin moriyarsa, na ƙarshe sai ya nemo cikon 50,000. Makwabtanmu na Nijar ba su cika jin wannan zafin ba, saboda sefa a ɗaure take da yuro, ba ta zubewa irin ta naira.

Saboda haka tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa kafin rabon lamba ita ce: me zan yi da kuɗin? Wanda zai sayi abin da ke juya kuɗi, ko kayan da farashinsu ke tashi, irin su injin markaɗe, babur, siminti ko kayan shago, ya nemi kwasa ta kusa. Wanda ke tara kuɗin haya ko na makaranta, wanda an riga an yanke adadinsa kuma an san ranarsa, ya nemi lambar da za ta faɗo daf da ranar biya. Idan makaranta za ta koma a Satumba, kwasar Agusta ce taka. Ka kwasa a watan Maris da sunan za ka ajiye, kafin Satumba an yi suna biyu da biki ɗaya a dangi, kuɗin sun bi ruwa. Matsalar ita ce kowa gab da azumi, babbar sallah da komawa makaranta yake so, don haka a raba lambobin nan tun ranar farko, da ƙuri'a idan an kasa daidaitawa.

Kuma a gajarta zagayen. Adashin mutum ashirin na wata-wata shekara ɗaya da wata takwas ne, ya yi tsawo ƙwarai. Gara a raba shi gida biyu ko uku, ko a mayar da zubin na mako-mako. Iya tsawon zagaye, iya yawan damar da wani zai samu ta rasa aiki, ko tashi daga unguwa, ko canza hali.

To me ya sa mutane ke karɓar lambar ƙarshe da hannu biyu, duk da wannan asarar? Domin a wurinmu kuɗin da ke hannu ba na mai shi kaɗai ba ne. Ƙane zai zo da takardar magani, gwaggo za ta aiko a kan gudummawa, ƙawa za ta kawo anko, kuma kunya ba ta barin mutum ya ce babu alhali akwai. Amma "na zuba a adashi" uzuri ne da kowa ke karɓa ba tare da jin haushi ba. Wannan katangar ita ce ainihin abin da mai lambar ƙarshe ke saya, kuma a ganina ga wanda ya san kuɗi ba sa kwana a hannunsa, cinikin bai yi tsada ba. Kashi tamanin na darajar kuɗinka ya fi babu.

Inda ƙananan 'yan kasuwa suka fi faɗawa rami shi ne wajen yanke yawan zubi. A ɗauki mai shagon da ke cinikin 30,000 a rana, ribarsa kashi goma, wato 3,000. Cefanen gida na cin 2,000. Abin da ya rage masa na gaskiya 1,000 ne. Idan ya shiga zubin 2,000 kullum don kada a raina shi a layi, kowace rana yana yagar 1,000 daga uwar kuɗi, 30,000 kenan a wata. Ranar kwasa zai ga dunƙulallen kuɗi ya ɗauka tari ya yi, ya yi wa iyali ɗinkin sallah, alhali rabinsu jarinsa ne ya zagayo. Sai bayan wata uku a ga kantar shagon ta fara yin fili. Ita ma ribar a lissafa ta da farashin sari na yau. Katan ɗin da ka saro 10,000 ka sayar 11,500, idan ka koma kasuwa ka tarar ya zama 11,000, ribarka 500 ce, ba 1,500 ba. Ka zauna da littafi mako biyu kana rubuta ciniki, sari da abin da ka ɗiba na gida, sannan ka yanke zubin da bai wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na rarar da ta bayyana ba. Ragowar ta ranar da kasuwa ta ƙi ce.

Ga mai albashi dokar ta fi sauƙi: zubi ya fita ranar da albashi ya shigo, kuma kada a haɗa adashi biyu da niyyar kwasar wannan ta biya zubin wancan. Wata ɗaya albashi ya makara, duka biyun sun tsaya.

Akwai kuma mai karɓar zubin kullum da ke zagaya kasuwa da kati yana sa hannu, ƙarshen wata ya mayar maka da kuɗinka ya cire na kwana ɗaya ladan aikinsa. Mai zuba 1,000 kullum zai karɓi 29,000 daga cikin 30,000, a shekara ya biya 12,000 kenan don a riƙe masa kuɗinsa. Wannan ajiya ce da kake biya, kuma ranar da mutumin ya ɓace babu hukumar da za ta biya ka ko sisi.

Adashi kan rushe ta hanyoyi sanannu. Wanda ya riga ya kwasa ya fara jan ƙafa, yau ciwo gobe tafiya. Uwar adashi ta saka hannu uku ko huɗu da sunayen da babu masu su, ta kwashe lambobin farko, idan aka zo tsakiya zubi ya gagare ta. Ko kuma a riƙa tara kuɗi a wajenta kwana huɗu, biyar kafin a miƙa wa mai kwasa, ta juya su a kasuwancinta da niyyar mayarwa, kayan su ƙi fita. Ko wani ya rasu bayan ya kwasa, magada su ce ba su san zance ba.

Maganin duk waɗannan rubutu ne, kuma aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Takarda ɗaya ta isa. A sa sunan kowa da yawan hannunsa, ranar zubi, jerin kwasa, da tukuicin uwar adashi idan akwai, a faɗi adadinsa. Kowa ya san kowa, duk hannun da ba a ga mai shi ido da ido ba a ƙi shi. Sabon shiga ya tafi ƙarshen layi, idan kuma dole ne ya kwasa da wuri to ya kawo wanda zai tsaya masa daga cikin tsofaffi. A rubuta cewa wanda ya rasu bayan kwasa ragowar zubinsa bashi ne da za a cire kafin rabon gado, wanda bai kwasa ba kuma a mayar wa magadansa abin da ya zuba, kuma iyalin kowa su san yana ciki. Zubi da kwasa su zama rana ɗaya. Idan ta banki ake turawa, kowa ya tura kai tsaye ga mai kwasa ya sa shaidar a zauren WhatsApp, kuɗi ba su bi ta hannun kowa ba.

Mafi yawan malamai sun halatta adashi matuƙar kowa abin da ya zuba zai ɗauka. Inda ake zamewa shi ne sayar da lamba: mutum ya matsu, ya karɓi 170,000 yau ya bar wa wani kwasarsa ta 200,000 ta wata uku masu zuwa. Wannan kuɗi ne da kuɗi tare da ƙari da jinkiri, riba ce, wato kuɗin ruwa. Musayar lamba don taimako ba tare da ƙarin komai ba ita ce hanya. Tarar makara ma malamai da dama na ƙyamarta saboda ƙari ne a kan bashi. Mayar da mai makara ƙarshen layi a zagaye na gaba ya fi tsafta, ya kuma fi ciwo.

Duk "adashin" intanet da ya ce zuba 50,000 ka kwashi 80,000 bayan mako biyu, kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da su. Haka MMM ta yi har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka CBEX a Afrilun 2025.

Abin da adashi ba zai taɓa yi maka ba shi ne fitar da kai kunya da tsakar dare a asibiti, tunda kuɗin ba sa fitowa sai ranarsu. Matan Nijar sun magance wannan a tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta faro a Maraɗi a 1991: ana tara zubi a akwati, ana ba mambobi rance daga ciki, ana kuma ware wani ɗan asusu daban don rashin lafiya da rasuwa. Ko ba ka cikin irin wannan ƙungiya, ka ware naka. Ka fara da burin kuɗin cefanen wata ɗaya, a asusun banki na daban wanda ba ka karɓi katin cirar kuɗinsa ba. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Jaiz, TAJBank da Lotus. Tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ke lamunce ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi. Tara takardun kuɗi a gida kuwa, waɗanda canjin kuɗin farkon 2023 ya rutsa da su sun san dawar garin.

Saura ranar kwasa. Kafin kuɗin su shigo a rubuta inda kowace naira za ta, a kuma je a biya a cikin kwana biyu, kafin labari ya zaga dangi. Masu mayar da kwasarsu hatsi da kaka su sa a buhun nan mai leda biyu a ciki, su ɗora a kan katako nesa da bango, kuma kada su wuce abin da gidansu zai iya ci idan kasuwa ta juya, domin a 2025 farashin masara da gero ya faɗi, waɗanda suka saya da tsada don jiran bazara da yawa ba su mayar da uwar kuɗinsu ba.